Alkasum Mai Cigiya da Karsanar Mutum Biyu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Badaguishiri ya san muryar Alkasum, ko da bai san fuskarsa ba. To, wace fuska ma za ka gani? Mutum ne ɗan tsurut, in ya shiga kara, wato wajen cinikin dabbobi, raguna biyu sun isa su ɓoye shi. Amma da zarar ya hau tsohuwar tayar tarakta da ke bakin kara, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya ce, "Jama'a, cigiya!" wallahi har masu tuyar ƙosai na bakin kwalta sai sun waiwayo.

Cigiya gadonsa ce. Da ƙuruciya ya so ya guje mata, ya tafi Sakkwato cirani yana sayar da shayi, amma rani biyu kawai ya yi aka aiko masa muryar tsohonsa ta dusashe. Ya dawo ya hau taya, bai sake sauka ba. Yana da 'yar gonarsa ta gero a kan fako, da matarsa Suwaiba, da turaku huɗu a bayan gida inda ake ɗaure dabbobin tsintuwa har masu su su zo. Suwaiba ba ta gajiya da mita a kan turakun nan, don ita ke ba su dusa da ruwa, amma ka taɓa ɗaya daga cikinsu ka ga tashin hankali.

Aikin yana da ƙa'ida guda, kuma a kanta komai yake tsaye. Wanda dabbarsa ta ɓata, a faɗi kamanninta duka, har tabon da ke gindin wutsiya. Wanda ya tsinta kuwa, a ɓoye komai. Alkasum zai ce, "An tsinci akuya," ya ja bakinsa ya yi shiru. Ja ce ko baƙa, ba ruwanka. Mai ita shi zai zo ya zauna nesa da turke, ya faɗi launi, ya faɗi tsagar kunne, ya faɗi yadda ƙaho ya karkata. In magana ta dace da dabba, Alkasum ya kwance igiya ya saka masa a hannu. Shekara talatin da ɗaya yana haka, bai taɓa saka igiya a hannun da ba na mai ita ba. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, kuma ba ya ɓoye alfaharinsa da shi. Ko gaisawa kuka yi, kafin ku rabu sai ya san yadda ya gaya maka.

Matsalar ita ce kasuwa sau ɗaya take ci a mako. Dabbar da ta ɓata washegarin kasuwa sai ta jira kwana shida kafin a yi cigiyarta, kuma a kwana shida saniya mai lafiya ta isa Dogarawa, ta wuce Konni, ta tsallaka iyaka. Shi ya sa ƙungiyar manoma da makiyaya ta kwarin Badaguishiri ta kira taro a gindin tsamiya, a kan yadda za a hanzarta abin.

An yi ta kai-kawo. Wani ya ce a riƙa kai wa gidan rediyo, aka ce sai an je gari, kuma makiyayi yana daji lokacin da ake karantawa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce a riƙa rubuta saƙo a waya, wani tsoho ya tambaye shi wa zai karanta wa shanun. Wani saurayi ya kawo maganar Fesbuk, aka ce can kowa na gani, har ɓarawon da ake gudu. Daga ƙarshe Naja'atu ta miƙe. Ita ce mai yi wa dabbobi allura, kuma sakatariyar ƙungiya, mace mai magana ɗaya. Ta ce a buɗe gurup na Wasap, ba rubutu, murya kawai, don ko wanda bai taɓa taka lakwal ba ya iya danna wuri ya yi magana. Kowane ƙauye da kowace ruga a samu mutum ɗaya mai babbar waya, shi zai sa wa sauran su ji.

Alkasum ya ƙi. Ya ce, "Ɗiyata, waya ba ta da kunya. Mutum in yana gabana ina kallon idonai, in na ga ƙarya na san ta. Wagga aba ido gare ta?"

"Baba," in ji Naja'atu, "ai kai za ka zama idonta. Kai muka zaɓa shugaban gurup."

Da Alkasum ya ji kalmar shugaba sai ya gyara hula, ya ce to, tunda jama'a sun matsa.

A wurin aka kafa dokoki. Ba wa'azin da aka turo daga wani wuri, ba siyasa, ba tallar magani, ba barka da Juma'a mai furanni. Wanda ya saɓa sau biyu a fitar da shi, ko ɗan wa ne. Aka saya wa Alkasum waya, Naja'atu ta koya masa inda ake dannawa.

Kai, jama'a! Mutumin da ya ce waya ba ta da kunya, cikin wata guda ya zama ba ya cin tuwo sai tana gefen akushi. Da farko ihu yake mata kamar yana kan taya, har mutane suka riƙa nesanta tasu wayar daga kunne in sun ga saƙonsa. Aka roƙe shi ya sassauta, ya ce murya ba rediyo ba ce da za a murɗa. Amma abin ya yi aiki, gaskiya ya yi. Jakin wani mutumin Illela ya ɓata da hantsi, kafin la'asar an gan shi yana cin harawar mutane a wani ƙauye. Tumaki tara suka bi garken da ba nasu ba, aka tare su tun ba su kai Malbaza ba. Manomi da makiyayi da suka shekara ba sa ga maciji sai ga su suna tura wa juna na gode. Alkasum ya riƙa tafiya yana taku ɗai-ɗai.

Sai kuma ya gano hoto. Nan fa ake yin ta. Ya ɗauki Suwaiba tana tankaɗe, ya ɗauki zakaran maƙwabta, ya ɗauki ƙafarsa sau da yawa ba da niyya ba.

Farkon damina, bayan an yi shuka makiyaya sun kora garkuna arewa don su bar wa gonaki wuri, wani manomi ya jawo wata karsana ya kawo masa, ya ce a cikin geronsa ya same ta. Karsana ce ta gani ta faɗa: ja wur irin shanun Azawak, da farin tabo a goshi, kunnen hagu a tsage, ba a kai ga yi mata shaidar wuta ba. Alkasum ya zagaya ta sau biyu yana masha Allah. Hasken safiya ya faɗo mata daidai. Hannu ya tafi aljihu da kansa. Ya ɗauke ta ta gaba, ya ɗauke ta ta gefe, ya matsa ya ɗauki kunnen, ya tura wa mutum ɗari da wani abu, ya bi da murya: "Jama'a, cigiya! An tsinci karsana, ga ta nan ku gani!"

Yana cikin jin daɗi waya ta yi ƙara. Naja'atu ce.

"Baba, mi ka yi haka?"

"Cigiya na yi."

"Baba, ka nuna goshi, ka nuna kunne. To yanzu mai ita mi ya rage ya faɗa maka?"

Sai a lokacin Alkasum ya gane abin da ya yi. Ƙa'idar da ya gada, wadda ya sha korar manyan mutane a kanta, shi da hannunsa ya karya ta don rana ta haska saniya. Naja'atu ta nuna masa yadda ake goge hoto, ya goge, amma an riga an gani. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Suwaiba ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ashe gwano ba ya jin warin jikinsa." Ya sunkuyar da kai ya koma wajen turke.

Kafin azahar mutum huɗu sun ce tasu ce, kowa yana zayyana kamanninta ba tuntuɓe. Biyu daga ciki, da Alkasum ya ce su zo gaban maigari da shaidunsu, sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke musu, har yau bai dawo ba. Saura biyu, kuma su ne suka hana shi sukuni, don babu wanda ya yi kama da maƙaryaci a cikinsu.

Na farko Muttaƙa ne, ɗan kasuwar albasa, mutumin kirki da kowa ya sani. Kwana goma da suka wuce ya sayi jar karsana a kara don kiwo, ta kwana biyu a gidansa ta tsinke igiya. Ya zo har gida, ya dube ta ya ce, "Baba Alkasum, ita ce." Dillalin da ya sayar masa ya zo ya ce, to, kamar ita ce. Alkasum ya tambayi Muttaƙa ko ya tuna farin goshin tun kafin ya ga hoto. Muttaƙa ya sosa ƙeya, ya ce tsakani da Allah ya kalli hoton nan har ya kasa rabe abin da ya tuna da abin da ya gani.

Ta biyu wata dattijuwa ce, Takama, daga makiyayan da ke jin Hausa da Tamajak. Garkensu ya wuce ta burtali kwana biyar baya, yanzu suna can kan tudun arewa, tafiyar yini guda cur. Ɗanta Yakuba shi ke da waya a rugarsu, kuma sai ya hau dutse yake samun rezo. Takama ta turo murya a hankali, ta ce, "Malam Alkasum, ba ni da shaida sai Allah. Uwarta ta mutu ranar da ta haife ta, ni na raine ta da ƙwarya. Gwiwata ba ta kai ni wurinka. Abin da ka gani daidai ne, ka yi."

Maigari ya ce zuwa ranar kasuwa a yanke magana, don ba za a bar dukiyar mutane a turke ana ta ce-ce-ku-ce ba. Kwana uku ke nan. Alkasum ya rame a tsaye. In ya ba Muttaƙa alhali ta tsohuwa ce, ya zalunci marar ƙarfi. In ya ba tsohuwa alhali ta Muttaƙa ce, ya ba da kayan mutum a kan tausayi. Kowace ya ɗauka, shekara talatin da ɗaya na iya tafiya a banza, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi sai ɗan yatsansa. A rantsar da su ma ba zai raba gardama ba, tunda kowannensu ya gaskata abin da yake faɗa.

Ita kuwa karsana ta ƙi kowa. Dusa kaɗan take taɓawa, ta juya kai arewa ta yi tsaye. Ranar jajibirin kasuwa da hantsi Alkasum yana zaune kusa da turke, ya sake kunna saƙon Takama ko zai tsinci wani abu da ya kuɓuce masa. Sai ya ga kunnen karsana ya motsa. Ya tsayar da saƙon, kunne ya kwanta. Ya sake kunnawa, kunne ya miƙe. Alkasum ma ya miƙe, har hularsa ta faɗi.

Bai gaya wa kowa ba sai Naja'atu, don ya koyi darasi. Ya aika wa Yakuba ya ce ya roƙi tsohuwa ta kira karsanarta a waya, yadda take kiranta in za ta ba ta abinci, kada ta ƙara komai. Sai bayan la'asar saƙon ya iso. Alkasum ya daure bai buɗe ba, ya ce a gaban jama'a aka yi ɓarna, a gaban jama'a za a gyara.

Ranar kasuwa aka jawo karsana bakin kara. Mutane suka yi dafifi, dillalai suka bar ciniki. Alkasum ya hau taya, ya toshe kunne, amma maimakon cigiya sai ya ce, "Jama'a, ni Alkasum na yi wauta. Na nuna abin da ake ɓoyewa. Daga yau, dabbar da ta ɓata a sa hotonta, dabbar da aka tsinta ba hoto, ko ni na sa ku fitar da ni daga gurup." Aka yi dariya, wani ya ce saura sau ɗaya, Baba. Ya ce ya ji.

Sannan ya ce tunda mutane sun kasa, za a tambayi ita karsanar da kanta. Muttaƙa ya fara. Ya matso ya yi mata irin kiran da ake wa shanu, ya kaɗa yatsu, har ya miƙa mata ɗan gishiri. Ta lashe gishirin tas, ta juya masa baya. Kasuwa ta ɗauki shewa, Muttaƙa ma yana dariya.

Alkasum ya sauko, ya koma can bayan jama'a inda ba ta ganinsa, ya ƙure ƙarar waya, ya danna. Wata siririyar murya ta fito, da Tamajak, tana jan ƙarshen kira tana karya shi a maƙogwaro. Karsana ta ɗaga kai. Ta saki wani kuka mai tsawo, ta fizge igiya daga hannun mai riƙonta, ta keta mutane suna watsewa, ta zo ta tura jiƙaƙƙen hancinta cikin hannun Alkasum har ya zauna daɓas a ƙasa. Tana lasar waya tana kuka, tana leƙa bayansa ko tsohuwa na can.

Sai kabbara ta tashi. Muttaƙa ya zo ya ɗaga Alkasum, ya kakkaɓe masa riga, ya ce, "Baba, Allah ya tsare ni da cin haram. A ci gaba da cigiyar tawa." Alkasum ya ce in sha Allahu ba zai sauka daga kanta ba sai an gan ta.

Saura kai ta gida. Naja'atu ta ce a jira Yakuba ya zo, Alkasum ya ce Yakuba ba shi ya yi magana ba, tsohuwa ce, kuma a hannunta zai saka igiya. Washegari bayan sallar asuba ya saɓa gora da sanda. Ba a ma sha wahalar janta ba. In ta tsaya sai ya danna kira, ta biyo aljihunsa da sauri. Haka suka bi burtali tsakanin gonaki, ɗan tsoho a gaba, muryar tsohuwa na fita daga rigarsa, jar karsana a baya. Masu noma suka riƙa dogara hauya suna kallo. Wani ya ce, "Baba, yau kai ne uwar?" Ya ce, "Ni ne, ka zo ka sha nono."

Da la'asar sakaliya, suna gindin tudun, waya ta yi ɗan kuka ta mutu. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska, ko gezau. Karsana ta kafe ƙafafu huɗu. Ya ja, ya lallasa, ya tura ta baya, ya gwada kwaikwayon kiran da muryarsa ta kasuwa, ta dube shi ta kau da kai. Ga ƙafarsa ta yi ruwa, ga hadari yana haɗowa daga gabas, ga shi bai san ta wane gefen tudu rugar take ba. Ya naɗe igiya a hannu ya zauna kan dutse yana haki, ya ce, "To, 'yar nema, sai ki faɗa mini yadda za mu yi."

Sai iska ta kawo kiran daga saman tudu, siriri, yana karyewa a ƙarshe. Alkasum ya laluba aljihu da mamaki, waya tana nan a mace. Ya ɗaga kai. Can sama wata 'yar tsohuwa ce cikin baƙin zane, ta dogara sanda. Tun da Yakuba ya gaya mata sun taso take zaune a wurin.

Kafin ya miƙe igiya ta zare daga hannunsa, ta bar masa zafi a tafi. Karsana ta haura tudu a guje tana watsa tsakuwa. Lokacin da ya iso da ƙyar, ya tarar tsohuwa ta rungume wuyanta, tana kuka tana dariya tana yi mata faɗa da yarensu, igiya kuwa tana ja a ƙasa cikin ƙura. Alkasum ya ji nasa idon ya cika, bai kuma ɓoye ba.

Takama ta share fuska da gefen zane ta ce, "Sannu, Malam Alkasum. Ka ga ta riga ka."

"Ta riga ni, Inna," in ji shi. "Amma ki yi haƙuri, aikina bai ƙare ba."

Ya duƙa ya ɗauki bakin igiyar, ya kakkaɓe ƙurar a gwiwarsa, ya kamo hannun tsohuwa, ya saka mata a ciki, ya rufe yatsunta a kai.